Ƙyalle Mai Haƙora

Telata,

Sallama da gaisuwa. Ya ƙarfin jiki, ya ɗinkin da aka yi miki a asibiti? Yau ga tela an yi mata ɗinki. Na san da kin ga zaren sai kin kushe. Ya Maɓalli? Ki gaishe da Yaya da maigidanta da rundunarta. Ni lafiyata lau, in ban da tarin ƙurar takarda da kika riga kika sani.

Yau kwana ashirin da haihuwa, sha shida da barowata. Kwana huɗu kacal Oga ya ba ni, kamar wanda ya je karɓo saƙo. Da na dawo na ce masa an samu 'ya mace, ko ɗago kai bai yi ba, wai "Madalla, ga mota can tana jiran saukewa." Na haɗiye abin da ya zo bakina saboda ke. Ke kika ce bakina ya fi hankalina gudu, kika hana ni yawan waya, wai takarda tana sa ni tafiya a hankali. To ga ni ina tafiya a hankali.

Aiki na nan yadda kika san shi. Motoci su zubo tsofaffin takardu, mu ware fara daban, jarida daban, kwali daban, inji ya matse, a ɗaure dami. Har yanzu Mai Jarida suke kirana, don komai ya biyo hannuna sai na karanta kafin in jefa. Su yi ta dariyarsu. A kan wannan jujin na koya wa kaina karatu, ba zan daina ba don wasu ƙattai.

Yanzu ga ƙorafina. Direba mai kawo mana wasiƙu ya zo sau biyu hannunsa wayam. Shekara biyu muna haka, ba ki taɓa barin mako ya wuce ba ki aiko mini wasiƙa da ƙyallen abin da kike ɗinkawa ba, bakinsa tsaga-tsaga da almakashin nan naki mai haƙora da ba kya bari kowa ya taɓa. Na liƙa su a bango saitin katifata, sun kusa kai taga. Ban ce ki koma kan keke yanzu ba. Amma ko gefen zanin goyo ne ki yanko mini. Ki ba ni labarin yarinyar nan. Hancin da ya sa na ce mata Maɓalli, ya tashi ko yana nan a liƙe? Wa ta ɗebo? Kar ki ce ni, a tausaya mata.

Ɗakin nan taku uku ne, amma ya yi mini faɗi.

Naki,
Mai Jarida

* * *

Baban yarinya,

Mun samu wasiƙarka. Muna lafiya. Yarinyar tana shan nono. Yaya tana ƙoƙari da mu sosai. Ka yi haƙuri ban rubuto ba. Na gaji ne.

Matarka

* * *

Telata,

Gaisuwa. Ina fata kuna lafiya, tunda abin da kika iya faɗa ke nan.

Layi uku! Na juya takardar, na ɗaga ta a rana, na zazzage ambulan. Takardar sayen magani da na tsinta jiya ta fi wasiƙarki labari. Ke da kike cika shafi huɗu a kan matar da ta kawo yadi ɗaya da rabi ta ce a fitar mata da riga da zani? Kuma wane ne "Baban yarinya"? Wace ce "yarinyar"? Ta maƙwabta?

Ranar Talata na kira wayar Yaya, aka ce kina barci. Alhamis, kina wanka. Asabar, kina barci. Ina jiyo kukan Maɓalli a bayan muryar Yaya, wane irin barci ne wannan? Ni ba yaro ba ne. In fushi kike don na taho na bar ki da ɗanyen jego, ki fito ki faɗa, mu yi faɗanmu mu gama kamar yadda muka saba. Kin san ba shan iska na zo ba. Tun safe har yamma ina tsaye cikin ƙura, wayar ɗaure dami ta tsattsage mini farce, abin da ke riƙe da ni kawai ranar zuwan Direba. Ke kuwa kina gida, ana dafa miki, ana share miki ɗaki, ga 'ya lafiyayya Allah Ya ba ki. Mata nawa ke neman abin da kika samu? Me kika rasa? Gajiyar me?

Ƙyallen da kika sa na gani, mai ruwan toka. Na liƙa. Amma ƙyalle ba ya magana.

In da ni kika gaji, layi ɗaya ya isa, tunda kin ƙware a gajartawa.

Mai Jarida

* * *

Baban yarinya,

Ka yi gaskiya. Ban rasa komai ba. Na karanta wasiƙarka sau da yawa, duk abin da ka faɗa haka ne. Ba da kai na gaji ba. Yarinyar ta fi yin shiru a hannun Yaya, ta fi dacewa da ita. Kai ma ka cancanci wadda ta fi ni. In ba na nan, babu abin da zai ragu. Kar ka wahalar da kanka da rubuto mini.

Matarka

* * *

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke. Maigida da yara suna gaishe ka. Mai jego da jaririya lafiya ƙalau. Nono ya wadata, cibiya ta warke, ɗinki ya kama, nas ta ce nauyin yarinya ya ƙaru.

To, sarkin zuciya. Kwana goma sha takwas ba wasiƙa ba waya. Na tare Direba a bakin titi, ya ce kana nan garau, wai ka ce matarka ta yi maka gatse, kai ma ka ɗauki fushi. Tun kana rarrafe haka kake, a taɓa ka ka juya wa mutane ƙeya ka ƙi cin abinci. Ni na goya ka bayan rasuwar Inna, ba abin da za ka nuna mini. Yanzu kai uba ne, ka rage.

Matarka ba abin da ke damunta sai jego. Haihuwar fari haka take, ga shi ba uwa a kusa. Ni biyar na haifa, kowanne na yi ɗan kukana na share ido na tashi na ɗora tukunya. Ita dai nata ya ɗan ja. Ba na barinta ta ɗaga ko tsinke. Na karɓe wankan yarinya da goyo da wanki, ita dai ta shayar ta miƙo mini. Masu kawo ɗinki ma daga bakin ƙofa nake sallamarsu. Me kuma ake so a yi wa mutum?

Ka kwantar da hankalinka ka yi aikinka, kar inji ya cinye maka hannu garin tunani. Ga ƙyalle nan ta ce a sa maka.

Yayarka

* * *

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaishe da maigida da yara. Na ji faɗa, na karɓa. Don Allah ki karanta har ƙarshe kafin ki fara zagina.

Ƙyallen nan labulen kicin ɗinki ne, mai shuɗin fure. Ni na ɗaura miki igiyarsa bara. Na ɗaga kai na dubi bango: ƙyalle kusan ɗari, kowanne da haƙoransa, sai biyun ƙarshe an yanke su a miƙe da almakashin gida. Matata ba ta aika ƙyalle mai miƙaƙƙen baki, ta ce zarensa zubewa yake, aikin ragwaye ne. Ke kika yanka, Yaya. Ban ce don mugunta ba. Amma tun da na san ta ban ga ranar da ba ta taɓa almakashin nan ba, ko da zazzaɓi take. Irin wannan mace ta yi wata biyu ba ta yanka ƙyalle ɗaya ba, ki ce mini jego?

Makon jiya aka sauke mana takardun da wani asibiti ya zubar. Ɗaya tana maganar ciwon damuwar da ke kama wasu mata bayan haihuwa. Na karanta a tsaye, na jefa, na ce wannan na marasa aikin yi ne. Da labulenki ya iso, dami uku na farke kafin in gano ta. Oga ya yi ta ihu, na ce ya shiga injin ya matse kansa. Wataƙila gobe ba ni da aiki, wannan daban.

Na sa miki takardar, amma ga abin da ke ciki. Kukan kwanakin farko yakan wuce cikin mako biyu. In ya zarce, wani abu ne daban. Ciwo ne, ba ragwanci ba, ba rashin godiyar Allah ba, kuma ana maganinsa. Mace ta daina jin daɗin abin da ta fi so. Ta ga jaririn kamar ba nata ba, ta yi ta ɗora wa kanta laifi. Wata har ta fara ganin gara ba ta duniya.

Na ɗauko wasiƙarta ta ƙarshe. Ta ce, "In ba na nan, babu abin da zai ragu." Ni jaki na ce gatse ne. Ni mai taƙamar ba takardar da ta fi ƙarfina, na kasa karanta layi biyar na matata, na yi mata shiru kwana goma sha takwas.

Kar ki ƙara ce mini lafiya ƙalau. Kwanon da kike kai mata, yaya yake dawowa? In yarinya ta yi barci, ita tana yi? Yaushe rabonki da jin dariyarta? Kin taɓa jin ta ce Maɓalli? Kekenta a buɗe yake ko a lulluɓe?

Na kira ki sau shida yau, maigida ya ce kin tafi kasuwa kin bar wayar a caji. Na ce masa kar a bar ta ita kaɗai, ban san ko ya gane ba don ihu nake. Shi ya sa na roƙi wani direban da zai bi ta wajenku ya miƙa miki wannan. Ki tambaye ta ƙarara ko tana tunanin cutar da kanta. Takardar ta ce tambayar ba ta tura mutum, shirun ne abin tsoro. Sannan ki kai ta wurin nas, kar ki ce sai gobe. Ni ma ina neman mota.

Ban taɓa roƙonki komai ba sai da tsiwa. Yau babu tsiwa. Don Allah, Yaya.

Auta

* * *

Auta,

Gaisuwa. Ba zan ce lafiya ƙalau ba tunda ka hana. Da sauƙi dai, mun gode Allah.

Na zage ka, ba zan ɓoye ba. Na ce yaron da na share wa majina zai koya mini jego daga takardar bola. Sai na zo kan tambayoyinka, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Kwano yana dawowa yadda na kai shi. Dariya, rabona da ita tun ranar da ka tafi. Keke ni na lulluɓe shi da hannuna, na ɗora almakashin a saman kabad don kar ta wahalar da kanta, kuma ko sau ɗaya ba ta tambaye shi ba. Labule nawa ne, na tokan ma tsohuwar rigar maigida ce. Na ga kana can kai kaɗai cikin injuna, na ce in rufa asiri har ta warware.

Na shiga ɗakinta. Tana zaune a bakin gado tana kallon bango, yarinya na gefe tana wasa da ƙafa. Na yi tambayar da ka ce. Auta, ba ta yi musu ba. Ta ce tunanin yana zuwa, tana korarsa yana dawowa. Ta ce tana kallon 'yar tana jira ta ji abin da uwaye ke ji, shiru, kamar an ba ta ajiyar 'yar wani. Ta ce da na karɓe wanka da goyo, ta ɗauka na gane ba ta iya ba ne. Ni da nake ganin gata nake yi mata! Muka riƙe juna muka yi kuka har yarinya ta taya mu.

Nas ba ta yi mamaki ba. Ta ce tana ganin irin wannan sosai, mata ne ba sa bayyanawa. A ranar ta haɗa mu da likita. An ba ta maganin da aka ce za ta iya shayarwa da shi, sai an yi makonni kafin a ga aikinsa, kuma duk Laraba za ta je su zauna da wata ma'aikaciya su yi magana. Ni ma an ba ni nawa: in daina ƙwace yarinya, in tsaya kusa ta yi da kanta, in ga ta samu barci. Jiya ita ta yi mata wanka. Sabulu ya shiga ido, an sha ihu, ni kuwa na harɗe hannuwana a baya kamar mai laifi.

Na ce mata kana neman mota. Ta ce don Allah kar ka zo tukuna, ba ta son ka gan ta haka. Muna tare da ita ba dare ba rana. Ka ba Oganka haƙuri, ka rubuto mata, kuma ka tauna kafin ka rubuta.

Abu ɗaya, ya tsaya tsakaninmu. Bayan haihuwata ta uku na yi wata huɗu ina shiga banɗaki in kunna famfo don kar a ji ni. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Ashe abin yana da suna.

Yayarka

* * *

Telata,

Sallama. Ba zan ce ya jiki don ki ce mini lafiya ba. Duk yadda kika tashi yau, a haka nake gaishe ki.

Wannan ce takarda ta biyar. Huɗun farko sun tafi cikin inji, don duk wanke kaina na yi a ciki. Abin da ya rage gajere ne. Kina cikin rami kina miƙo hannu, na leƙo na ce me kika rasa. Kika gaya mini gaskiya, na ce gatse ne. Ki yafe mini. In ba za ki iya yanzu ba, ki ajiye, ba sauri.

Kin ce in ba kya nan babu abin da zai ragu. Da ma ki ga bangon nan. Duk safiya kafin in sa takalmi sai na bi su da yatsa: koren rigar 'yar makaranta, jan da kika ce mai shi ta fito kamar barkono, yankin wandon da na yage da gangan don in samu hujjar zuwa shagonki. Na cire na Yaya guda biyu, na bar gurbinsu. Ba don ki cike ba. Don in riƙa tuna wata biyun da kike gabana a rubuce ban gan ki ba.

Na ba Oga haƙuri. Ki shaida, mutum biyu ke nan a mako ɗaya. Ya ce in na sake farke masa dami a ciki zai matse ni, amma ya yarda da hutun mako biyu duk ranar da na nema. Jakata na rataye a bayan ƙofa. Ba zan taho ba sai kin ce.

Zan rubuto duk mako, ba sai kin amsa ba. Ki sha maganinki, ki je Larabarki. In tunanin nan ya zo, ki gaya wa Yaya ko nas nan take, ko ki kira ni. Na yi alkawarin rufe baki in saurara. Ni ma abin ya ba ni mamaki.

Ɗakin har yanzu taku uku ne.

Naki,
Mai Jarida

* * *

Mai Jarida,

Sallama. Wasiƙunka shida duk sun iso, suna ƙarƙashin matashina. Ya tari? Ka riƙa rufe hanci, na sha faɗa maka.

Ba zan ce na warke ba. Wata rana ina tashi kamar an ɗora mini buhu a ƙirji, sai rana ta yi tsaka yake sauka. Amma ranakun da ba haka ba sun fara yawa. Ina cin abinci. Matar Laraba ta ce in daina jiran ranar da son 'yata zai faɗo mini gaba ɗaya, wai wani son a ƙafa yake tahowa. Shekaranjiya ina canza mata kaya, ta kama yatsana ta yi atishawa, ta tsorata da kanta, ta zaro ido. Na ji wani sauti a ɗakin, ashe ni ce nake dariya. Yaya ta shigo a guje da ludayi a hannu.

Hancin bai tashi ba. Maɓalli dai, ba ka yi ƙarya ba. Kuma kai ta ɗebo, in tana son abu duk layin nan sai ya sani.

Maganar yafiya. Waccan wasiƙar taka mai "me kika rasa" ta yi mini ciwo, ba zan ce ba ta yi ba. Za mu yi faɗanta in na ƙara ƙarfi, ka shirya. Amma na yafe.

Ranar Litinin na ce Yaya ta sauko mini da almakashina. Ya yi mini nauyi a hannu, keke kuma sai da na ɗiga masa mai. Awa ɗaya kawai na iya. Ƙyallen da ke cikin nan na rigarka ne, ka duba bakinsa. Na shimfiɗa yadin, na zana gaba da baya, na tsaya a kafaɗa. Direba ya ce ka rame, Yaya ta ce sharri yake maka, ni kuma ba na yanka yadi da jita-jita.

Ka zo in auna ka.

Telarka